Dubai Ko Gwanzu: Shari'ar Da Aka Ɗora Mini A Yendi

  

A wannan wata na yi niyyar in yi magana a kan kuɗin makarantar yara, sai wata shari'a ta sha gabana, na ga ya kamata in kawo muku ita tun da zafinta. Na je Yendi wajen sunan jikan wani tsohon aminina, ɗan kasuwa mai sayar da kayan gyaran babur. Bayan an watse daga walima, sai babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce, "Baba, akwai maganar da ta gagare mu, mun ce sai ka zo." Ashe shi da ƙannensa ne suka yi karo-karo na shekara biyu, suka tara kuɗi domin su tura iyayensu ƙasar waje su huta, tun da yake su biyun sun riga sun sauke farali, kuma aurensu ya haura shekara 30 ba su taɓa fita tare don shan iska ba. Kuɗi sun kammala, sai gardama ta tashi. Alhaji ya ce birnin Gwanzu na ƙasar Sin za a je. Hajiya ta ce in ba Dubai ba, to, a bar ta a ɗakinta. Wata uku ana kan haka, har yaran sun fara da-na-sanin alherin da suka yi. Da yake Allah ya sa na taka garuruwan biyu, sai aka naɗa ni alƙali.

Kafin in faɗa muku yadda muka kwashe, bari in faɗi abin da na gani shi ne tushen rigimar. Mu jikokin fatake ne, kuma kakanninmu ba su san wata tafiya da ake kira hutu ba. Mutum yakan bar gida don fatauci, ko neman ilmi, ko aikin Hajji. Ayarin da yake tasowa daga Kano ko Katsina a ƙarni na 19 yakan yi wata biyu zuwa uku a hanya, ya ratso ta Sansanin Mango da Yendi kafin ya sauka Salaga, da jakuna ɗauke da kanwa da turkudi da kayan fata, a koma da goron Gwanja. Madugun da zai yi wannan wahala ya koma hannu rabbana, sai a ce ya taɓu. Wannan jini yana jikinmu har yau. Shi ya sa in ka ce wa Bahaushen Zango ya je hutu, abin da zai fara tambaya shi ne, me ake saye da araha a can? Saboda haka tambayar farko da na yi wa aminina ita ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, hutu za ka ko sari?" Sai ya yi dariya ya ce ai duka biyu ne. Na ce masa taura biyu ba ta taunuwa.

To, mu fara da hanya. Mutumin Yendi yana da wajen kilomita 100 zuwa Tamale, na Salaga wajen 120, na Bawku kuwa sai ya biyo ta Bolga ya yi fiye da 200. Daga Tamale jirgin sama yakan kai mutum Ankara cikin sa'a guda da 'yan mintoci, in kuwa mota ce sai a kwana a hanya. Daga Ankara jirgin Emirates, wanda ya fara zuwa Ghana a 2004, yana kai mutum Dubai kai tsaye cikin wajen sa'a 8. Gwanzu kuwa sai an yada zango. Mafi yawan 'yan kasuwarmu suna bi ta Adis Ababa da jirgin Habasha, watau wajen sa'a 6 zuwa can, a yi zaman jira, sa'an nan a sake yin fiye da sa'a 10 a sama. Agogon Dubai yana gaban namu da sa'a 4, na Gwanzu da sa'a 8, ma'ana lokacin da ake kiran sallar Azahar a Yendi, can sun riga sun yi Isha'i. Saurayi ba ya jin wannan, amma dattijuwar da take fama da ciwon gwiwa da hawan jini sai ta yi kwana biyu ko uku kafin barcinta ya daidaita. In duka tafiyar kwana goma ce, kun ga an ci kusan rabinta tsakanin hanya da gajiya.

Ita Dubai, tarihinta ya kamata ya ba mutumin Salaga sha'awa. A da ƙaramin gari ne na masunta da masu nutso su ɗebo lu'ulu'u a teku. Da mutanen Japan suka gano yadda ake renon lu'ulu'u, sai sana'ar ta mutu a shekarun 1930, gari ya shiga yunwa. Haka kasuwar Salaga ta fara ja da baya bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran wurare. Bambancin shi ne Dubai ta sami sarki mai hangen nesa, Shehu Rashid, wanda ya sa aka yashe mashigin ruwan garin don manyan jirage su shigo tun kafin a sami man fetur a 1966, daga baya kuma ya gina tashar jiragen ruwa ta Jabal Ali a 1979. A 1971 suka haɗu da maƙwabtansu suka kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Yau kusan mutum tara cikin goma na mazauna Dubai baƙi ne, 'yan Indiya da Pakistan da Filifin da Afirka, don haka ba wanda zai tsaya yana kallonka don baƙar fatarka.

Abin gani kuwa yana da yawa, kuma ba ya buƙatar doguwar tafiyar ƙafa. Akwai benen Burj Khalifa mai tsawon mita 828, wanda aka buɗe a 2010, ya fi kowane gini tsawo a duniya. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari wanda ba shi da direba, da aka fara a 2009, yana da taragon mata da yara daban. A unguwar Deira, inda mutanenmu suka fi sauka, akwai kasuwar zinariya da kasuwar kayan ƙamshi da kasuwar Naif ta abayoyi da mayafai da turare, kuma a nan ba a rasa mai jin Hausa. Ana ƙetare mashigin ruwa da ƙaramin kwalekwale mai inji da suke kira abra, a kuɗi ƙalilan, sai dai wanda ya saba da fiton Makango zuwa Yeji zai ga kamar wasan yara ne. Wanda ya ware yini guda yana iya shiga mota zuwa Abu Dhabi, tafiyar sa'a ɗaya da rabi, ya yi salla a masallacin Shehu Zayid da aka buɗe a 2007, mai ɗaukar mutum wajen 40,000. Daɗin daɗawa, ana jin kiran salla ko'ina, kowace babbar kasuwa tana da ɗakin salla na maza da na mata, nama kuwa na yanka ne, na alade a keɓe yake a wasu kantuna don waɗanda ba Musulmi ba. Wanda ya yi makarantar allo zai tsinci Larabcin gaisuwa, wanda ya yi boko zai yi ciniki da Turanci.

Gwanzu, wadda Turawa suke kira Kanton, ta girmi Dubai nesa ba kusa ba, domin ta haura shekara 2,000 da kafuwa, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun zarce miliyan 18, watau fiye da rabin mutanen Ghana duka a gari ɗaya. Larabawa da Farisawa sun yi ciniki a nan tun ƙarnonin farko na Musulunci. Ibn Baɗuɗa, wanda ya ziyarci Mali a 1352, ya ba da labarin cewa ya shiga wannan gari 'yan shekaru kafin nan, ya tarar da unguwar Musulmi da masallacinsu da alƙalinsu. Daga 1757 zuwa 1842 ita kaɗai ce tashar da sarakunan Sin suka yarda Turawa su yi ciniki a cikinta. Har yau masallacin Huaisheng yana nan da hasumiyarsa mai tsawon mita 36, yana cikin mafi tsufa a ƙasar. Musulmin can suna danganta shi da Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, har akwai wani kabari a garin da suke kira da sunansa, kuma a masallacin da yake kusa da kabarin ake cika ranar Juma'a. Da Alhaji ya kawo wannan a matsayin hujjarsa, ya ce ai ziyara za su, sai na tuna masa cewa malaman tarihi na Musulunci sun tafi a kan cewa Sa'adu ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a, inda shi da Hajiya suka riga suka je. Masallacin abin gani ne, amma kada a ɗora masa abin da bai tabbata ba.

Abin da yake jan mutanenmu zuwa Gwanzu shi ne kaya. Babban baje kolin garin, wanda aka fara a 1957, ana yinsa sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A unguwannin Xiaobei da Sanyuanli 'yan Afirka suka yi sansani tun ƙarshen shekarun 1990, 'yan Mali da Gini da Nijeriya da Nijar da Ghana, har wani shehin malami ɗan arewacin ƙasar nan, Farfesa Adams Bodomo, ya wallafa littafi a kansu a 2012. Kasuwanninsu benaye ne, wannan na takalma kaɗai, wancan na wayoyi, wani na kayan babur. Mai sari yakan wuni yana hawa da sauka, yana duba samfuri, yana ciniki da na'urar lissafi, sa'an nan ya nemi mai haɗa kwantena, kaya su yi fiye da wata guda a teku kafin su iso Tema. Wannan aiki ne sosai, kuma duk wanda ya yi shi ya san ba a haɗa shi da riƙon hannun tsohuwa.

Akwai kuma abin kallo, kada a ce na yi son kai. Hasumiyar Kanton mai tsawon mita 600 tana nan a bakin kogi, kuma yawo cikin jirgin ruwa da dare, ana kallon fitilun gari, abu ne da ba a mantawa. Amma baƙo yana da matsaloli uku. Na farko harshe, domin direban tasi da mai kanti da ɗan sanda mafi yawansu ba sa jin Turanci, kuma rubutunsu ba ya karantuwa gare mu. Na biyu abinci, domin naman alade da kitsensa suna cikin girkin yau da kullum, sai mutum ya nemi gidajen abincin Musulmin ƙasar, masu koren allo a ƙofa, inda ake sayar da taliya da naman sa, ko ya koma Xiaobei. Na uku waya. A ƙasar Sin an toshe WhatsApp da Facebook da Google, kusan kome da WeChat ake yi, har biyan kuɗin ruwan sha, ko da yake tun 2023 an sauƙaƙa wa baƙi su haɗa katin bankinsu da shi ko da Alipay. A Dubai ma kiran murya ta WhatsApp ba ya shiga, amma saƙo da hoto suna tafiya. Da Hajiya ta ji cewa za ta yi kwana goma ba ta aika wa jikokinta ko hoto ɗaya cikin sauƙi ba, sai ta ce, "Malam, ka ji ko? Wannan ai kurkuku ne da kuɗinka."

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. Kada wanda ya yaudare ku da arahar otal a Dubai tsakanin Yuni da Agusta, domin zafi yakan wuce digiri 40 tare da gumi mai nauyi, har mutumin Bawku da ya saba da zafin Maris sai ya gudu cikin ɗaki. Daga Nuwamba zuwa Maris ne garin yake da daɗi, kuma a tsakiyar wannan lokaci ake bikin rangwamen kaya da suka fara a 1996. Gwanzu kuwa ruwan sama da gumi suke yi daga Afrilu zuwa Satumba, sai Oktoba zuwa Disamba iska take gyaruwa. A guji lokacin sabuwar shekararsu, wadda take faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, domin kasuwanni da masana'antu sukan rufe na makonni, haka nan makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne. Lokacin baje koli kuma kuɗin otal yakan tashi ƙwarai.

Dole in faɗi abin da ba shi da daɗin ji game da garuruwan biyu. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an kori 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da otal-otal a Gwanzu, wasu suka kwana a titi, har ministar harkokin wajenmu ta lokacin, Shirley Ayorkor Botchwey, ta kira jakadan Sin ta nuna masa ɓacin ran Ghana. Zumuncin ƙasashen biyu tsoho ne, tun 1960, kuma Nkrumah yana birnin Beijin aka yi masa juyin mulki a 1966, amma zumuncin gwamnatoci ba ya hana ɗan sanda ya tare ka ya nemi fasfo, don haka kada ya bar aljihunka. Dubai kuma dokokinta masu tsanani ne. Ƙwayar tramadol da yaranmu suke ɗauka kamar alewa tana iya kai mutum gidan yari a can in ba shi da takardar likita, ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne, kuma wanda bizarsa ta ƙare ana cinsa tara a kan kowace rana. Ina kuma jan kunnen iyaye game da ejan-ejan da suke yawo a zangunanmu suna ɗibar 'yan mata da bizar yawon buɗe ido, da sunan za a ba su aiki. Irin wulaƙancin da 'ya'yanmu suka sha a gidajen ƙasashen Larabawa ne ya sa gwamnati ta dakatar da ɗaukar 'yan aikin gida zuwa can a 2017. Bizar hutu ta hutu ce, wanda ya ce maka za a juya ta in an isa, ka riƙe kuɗinka.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun yaran. Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dalar Amurka, dirhami 3.67 a kan dala ɗaya, don haka duk faɗuwar da sidi ya yi a gaban dala, ya yi ta a gaban dirhami. Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi 6 a Janairu ta haura 14 a Nuwamba. Wanda ya ajiye kuɗin tafiya a sidi a wannan shekara yana ta gardamar inda za shi, ya wayi gari rabin guzurinsa ya narke. Otal da abinci sun fi araha a Gwanzu, amma tsawon hanya da kuɗin tafinta sukan cinye bambancin. A Dubai abin tsoro shi ne ido, domin kasuwar zinariya ba ta da tausayi. Shawarata ita ce a raba kuɗi gida uku tun daga gida: na tikiti da biza da otal, na ci da zirga-zirga da tsaraba, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai ciwo ko ɓatan jirgi. A tabbata fasfo yana da sauran aƙalla wata shida, a riƙe katin allurar shawara, kuma kada a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na gama zayyana musu wannan duka, sai na yanke hukunci. Na ce, "Alhaji, kuɗin nan ba jarinka ba ne, kyautar 'ya'yanku ce gare ku ku biyu. Shekara talatin Hajiya tana dafa maka guzuri kana tafiya Kumasi da Lome da Sankase, tana tsare gida. In ka kai ta Gwanzu, ni na san ka, za ka bar ta a ɗakin otal da talabijin da ba ta jin abin da yake faɗi, ka dawo da dare da jakar samfuri. Ku tafi Dubai cikin sanyin Disamba ko Janairu. Idan ƙaiƙayin ciniki ya dame ka, akwai kasuwar Dragon Mart da aka buɗe a 2004, tsawonta ya fi kilomita ɗaya, cike da kayan Sin, a ba ka yini guda a can, sauran kwanakin na Hajiya ne. Gwanzu kuwa tana nan ba ta gudu, ka shirya mata da kuɗin shagonka, ka tafi da wannan yaro mai jin Turanci da sanin waya lokacin baje koli, ka nuna masa hanya yadda mahaifinka ya nuna maka."

Alhaji ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce wato an haɗa baki da ni. Hajiya daga bayan labule ta ce, "Ko yinin guda ma, Malam, da ni za a je, don in na sake shi ba zan gan shi ba sai ranar komawa." Kowa ya fashe da dariya, aka shafa fatiha, yaron ya ce gobe zai fara neman biza.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, kafin a tambayi wane gari ya fi, a tambayi wa za a tafi da shi, kuma me za a je yi. Mai sari da ƙarfin ƙafa ya nufi Gwanzu, mai iyali da yake son hutawa da salla cikin natsuwa ya nufi Dubai. Wanda kuma Allah bai hore masa ko ɗaya ba, kada ya ci bashi don a ce ya je. Ya ɗauki iyalinsa ya kai su Salaga su ga rijiyoyin da kasuwar da aka sayar da bayi, su san tarihinsu mai daɗi da mai ɗaci, ko ya kai su tsohon masallacin Larabanga da dajin Mole su ga giwa da idonsu. Yara da yawa a Nima sun san sunan Burj Khalifa, amma ba su taɓa taka garin da kakansu ya sauke jakunansa ba.

Wanda yake da abin cewa, musamman 'yan kasuwarmu na Bawku da suka fi ni sanin hanyar Sin, ya rubuto ta hannun edita, za mu buga in Allah ya so. Maganar kuɗin makaranta kuwa tana nan sai wata mai zuwa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Wassalam.